Ƙusar Bayan Ƙofa

Duk wanda ya taɓa shiga gidan kallon ƙwallon da ke ƙarshen layin masu walda ya san dokar mai gidan. Ka zagi alƙalin wasa, ba ruwansa. Ka zagi mai tsaron gida tun daga iyaye har kakanni, sai ya yi dariya ya ƙara maka sautin talabijin. Amma ranar da bakinka ya suɓuce ka nuna wani ɗan wasa da ke jan ƙafa a fili ka ce, "Kai, dubi raggo!", ranar za ka ga mutumin nan mai ɗingishi ya taso daga kujerarsa ta bakin ƙofa, ya tsaya a kanka, ya tambaye ka ko ka taɓa yin gudun da ya wuce na bin motar haya. In ka tsaya gardama, sai ya nuna maka ƙofa.

Janareto ake ce masa. 'Yan kallo ne suka laƙaba masa sunan tun yana ɗan wasan tsakiya a babban kulob ɗin garin, saboda da zarar an busa usur ya tashi, ba ya mutuwa sai an tashi wasa. Ba gwanin yanka ba ne, kuma ƙwallayen da ya ci a rayuwarsa ba su da yawan da za a yi musu taro. Aikinsa gudu. Ya ƙwato ƙwallo a nan, ya miƙa wa masu gwaninta a can, ya juyo da gudu ya toshe ramin da suka bari. Irin 'yan wasan nan ne da ba a ganinsu sai ranar da ba su buga ba, shi kuwa babu ranar da bai buga ba.

A bangon gidan kallon, can sama da talabijin, akwai takalman ƙwallo rataye a jikin ƙusa. Sun yi ƙura, igiyarsu ta bushe. Ba mai taɓa su, ko mai shara ya san iyakarsa. In baƙo ya tambaya, amsar Janareto ɗaya ce: "Hutawa suke yi."

Koci, mai horar da 'yan wasan kulob ɗin, shi ne ya tsinto shi. A lokacin Janareto saurayi ne mai turin baro a tashar mota, uba ya rasu, uwa ta yi wani auren a nesa, shi kuma yana kwana a rumfar masu lodi. Da yamma yakan je filin makaranta ya buga ƙwallo ba takalmi. Ran nan Koci ya tsaya a bakin filin, hannu a aljihu, ya ga yaron da ya gani da safe yana tura buhuna ga shi nan yana zarya tun daga wannan raga har waccan. Ya yafito shi ya ce, "Kai, ba ka gajiya ne?"

Yaro ya sunkuyar da kai ya ce, "A'a, Baba."

Shi ke nan, Koci ya ɗauke shi. Ya ba shi ɗakin da ke jikin garejin gidansa, ya saya masa takalmin farko, ya koya masa inda ake tsayawa da inda ba a tsayawa a cikin fili. Da lokacin aure ya yi, Koci ne ya shige masa gaba. Da matarsa ta haifi 'yan biyu, Koci ne ya fara zuwa asibiti, ya ɗauki wannan ya ajiye, ya ɗauki wancan, yana cewa ya samu 'yan baya guda biyu a kyauta. Janareto bai taɓa kiransa Koci a gabansa ba. Baba yake cewa, kuma har cikin ransa haka yake nufi.

To, Koci mutum ne mai lura, wannan ba a ƙwace masa ba. Ya gane tun da wuri cewa yaransa ba za su taɓa duban tsabar idonsa su ce sun gaji ba. Ta yaya ma? Mutum ya girme ka, ya ɗauko ka daga titi, sannan ya tambaye ka ko za ka iya buga masa wasa, kai kuma ka buɗe baki ka ce a'a? Ko ƙafarka na reto, "Zan iya, Baba" za ka ce. Saboda haka wata safiya ya zo da guduma da doguwar ƙusa, ya sa Janareto ya riƙe masa ita, ya kafa ta a bayan ƙofar ɗakin sauya kaya. Ya juyo ya ce wa yaran, "Duk wanda jikinsa ya ce masa a'a, ya rataye takalminsa a nan. Ba sai ya yi mini magana ba, ni ma ba zan tambaye shi ba. In na ga takalmi, mai shi yana benci a wasa na gaba, wani ya shiga. Magana ta ƙare."

Dabarar ta yi aiki kuwa. Mai ciwon cinya ya rataye, wanda doguwar tafiya ta nuƙurƙusa ya rataye, 'yan benci suka riƙa samun shiga, ba wanda ya ji kunyar wani. Mutum ɗaya ne ƙusar nan ba ta san nauyin takalminsa ba. Kuma gaskiya a faɗe ta, a nan Janareto bai kyauta ba, don bai tsaya ga ƙin ratayewa ba, har da tsokana. Ƙusar masu jego yake ce mata. In ya shigo da safe ya ga takalmi a rataye, sai ya tafa hannu ya ce, "Ayyiriri! Wa ya haihu? Barka da arziki, mace aka samu ko namiji?" Ɗaki ya kwashe da dariya, mai takalmi ya yi yaƙe. Shekara da shekaru ana haka, har 'yan jarida suka sani, har yara a titi suka sani: Janareto ba ya rataye takalmi. Shi kuwa abin na yi masa daɗi, ba ƙarya.

Sai ga kakar wasan da ta zo da abin da ba su saba ba. Kulob ya yi ƙoƙari a bara, saboda haka bana ga lig, ga gasar kofi, ga wata gasar da ake tsallaka iyaka a buga. Ruwan sama ya sa an ɗage wasanni, kwantai suka taru, masu tsara jadawali suka cusa su duk inda suka ga rami. Laraba wasa, Asabar wasa, Talata kuma ga wani. Su sauko daga bas ƙafafu a kumbure, su yi atisaye guda, su koma bas. Ƙusar bayan ƙofa har ta fara lanƙwasa don nauyi, wata rana takalmi uku za ka gani a kanta. Koci yana ta jujjuya yara, ya cire wannan ya sa wancan, gaba da baya duk ya canza su. Tsakiyar fili ce kawai bai taɓa ba, don a can Janareto yake, ga shi kuma shekaru sun fara ja.

Akwai wanda ke jiran gurbin. Dogo ake ce masa, matashi ne mai hankali, abokin ɗakin Janareto a duk tafiya. Yaya yake kiransa, shi ke riƙe masa jaka, shi ke tashinsa in an iso masauki. Kaka uku yana zaune a benci yana ɗumama katako, bai taɓa nuna ƙorafi ba.

Matar Janareto tela ce, kekenta na falo kusa da taga, kuma idon da ke gane ɗinkin da ya karkace ba ya rasa gane tafiyar da ta karkace. Ita ta fara lura cewa in ya tashi da safe ba ya taka dunduniyar hagu, a kan yatsu yake zuwa banɗaki. Ta lura yana sauka daga matakala da gefe, hannu a bango. Ta dafa ruwa ta gasa masa, ta ga jijiyar bayan dunduniyar ta yi kauri, in ta danna sai ya cije leɓe ya ce wai ruwan ne ya yi zafi.

"Baban 'yan biyu," ta ce, "ruwan nan ko jariri aka sa a ciki ba zai yi kuka ba. Ka je ka rataye takalmin nan."

"Ni? A ƙusar masu jego?"

"Ni da na yi jegon biyu a lokaci guda ban mutu don kunya ba. Kai wane ne?"

Ya yi dariya, ya ce mata ta bari a wuce wasan kofi. Aka wuce wasan kofi, ya ce a wuce na lig. Ranar da ya kasa ɗaga ɗaya daga cikin 'yan biyun saboda ƙafar ta ƙi ɗaukar nauyi, ta kashe keken ɗinki ta juyo gaba ɗaya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ƙafar nan ba taka ba ce kai kaɗai. Da ita muke ci, da ita yaran nan ke zuwa makaranta. In ka tsinka ta don kada a yi maka dariya, wallahi ban yafe ba."

Ta san abin da take faɗa. Kulob ya samu sabon Ciyaman, ɗan kasuwa mai son a ce komai nasa a tsare yake, kuma ya kafa doka tun farkon kaka: wanda ya ji ciwo a bakin aiki, kulob zai riƙe shi har ya warke, amma wanda ya ɓoye ciwo ya shiga fili ya karye, shi ya jiyo. Kocin kuma da ya sa ɗan wasan da ya nemi hutu, shi ma ya kama gabansa. Ga Janareto, kulob ɗin nan ba wurin aiki ba ne kawai. Ba shi da wani gida da ya sani, kuma Koci ya sha gaya masa cewa in ya ajiye ƙwallo, kujerar da ke kusa da tasa a benci tana jiransa.

Ya yarda zai rataye. Amma dubi yadda ya yi, don a nan ne ya kashe kansa da hannunsa. Mutumin da ya shekara yana yi wa mutane guɗa, ina zai iya rataye takalmi ɗaki cike da jama'a? Sai ya yi sammako, ya riga kowa zuwa, mai gadi ma bai gama shara ba. Ya shiga ɗakin sauya kaya, ya ɗaure igiyoyin takalman waje guda, ya tsaya yana kallon ƙusar kamar za ta cije shi. Ya rataye. Nufinsa Baba ya gani shi kaɗai, ya cire sunansa a shiru, a ce dabara ce ta wasa.

Yana juyowa sai ga Dogo a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa. Dogo ya dubi takalman, ya dubi mai su, ya ce, "Yaya, lafiya?" Kafin ya amsa, Koci ya shigo.

Koci ya tsaya yana kallon takalman. Jibi ne wasan da kowa ke magana a kai, wasan kusa da na ƙarshe a gasar tsallaken iyaka, kuma duk garin ya san Ciyaman ya ce in aka fitar da su, za a yi shara. Koci ya miƙa hannu, ya sauke takalman daga ƙusar da shi da kansa ya kafa. Ya zo ya durƙusa, tsoho da shi, ya ajiye su a gaban ƙafafun Janareto.

"Ɗana," ya ce, "wannan ɗaya kawai. Ban taɓa roƙonka komai ba. In ba ka a tsakiya, yaran can za su ratsa mu, ni kuma ka san abin da ke jirana. Ka buga mini wannan, daga nan ka huta har ka gaji da hutu."

Me kake so ya ce? Ƙusar nan an kafa ta ne don kada a kai ga wannan tambayar, ga shi mai ƙusar ya tsallake ta ya yi tambayar, kuma a durƙushe. Janareto ya ji ƙafar na zugi har cikin ƙwaƙwalwarsa. Ya kama hannun tsohon ya tashe shi ya ce, "Zan iya, Baba." Dogo yana tsaye, komai a kan idonsa. Kafin sauran yara su iso, takalman sun koma cikin jaka, ƙusa ta zama wayam.

Bai gaya wa matarsa ba. Ta tambaye shi, ya ce an yi magana.

Ranar wasa fili ya cika maƙil, rana na dukan kai. Aka naɗe masa ƙafar da bandeji, ya shiga. Rabin farko ya yi ta maza, ya ƙwaci ƙwallo, ya toshe rami, 'yan kallo na ta kiran sunansa. Da aka tafi hutun rabin lokaci ya kasa zama, don ya san in ya zauna ba zai tashi ba. Ya dubi Koci, Koci ya dubi allon dabaru. Aka dawo, ba a jima ba wani yaro mai sauri ya zo wucewa ta gefensa, Janareto ya dogara da ƙafar hagu zai juya, sai ya ji tas, kamar an jefe shi da dutse a bayan dunduniya. Har ya waiwaya ya ga wanda ya jefe shi. Babu kowa a bayansa. Ya kai ƙasa, kuma tun kafin masu ɗaukar marasa lafiya su iso ya san abin da ya faru. Dogo ne ya shiga a madadinsa, ya buga da kyau, kulob ɗinsu ya ci wasan da ci ɗaya da nema.

Jijiyar ta tsinke gaba ɗaya. Aka yi masa tiyata, aka sa ƙafar a siminti. Yana kwance a asibiti, matarsa na gefe tana ɓare masa lemo, sai mai gadon kusa ya kunna rediyo, shirin wasanni. Muryar Koci ce. Mai tambaya ya ce masa jama'a na cewa an ƙure Janareto da wasa, me ya sa ba a hutar da shi ba?

"Wallahi abin ya dame ni," in ji Koci. "Yaron nan ɗana ne. Muna da tsari a kulob, duk mai son hutu ya san abin da zai yi. Amma kowa ya san Janareto, ba ya rataye takalmi. Da ya nuna mini, ko da ido ne, da ban sa shi ba."

Wuƙar ta tsaya a jikin lemo. Matar ta dube shi ta ce, "Ba ka rataye ba?"

"Na rataye."

"To me nake ji?"

Ya ce mata rediyo ne, dole mutum ya faɗi abin da zai faɗa a gaban duniya, amma a gaban Ciyaman Baba zai gyara. Har ransa ya yarda da haka. Kullum in an turo ƙofar ɗakin sai ya ɗaga kai. 'Yan wasa suka zo, magoya baya suka zo, mai gadin fili ma ya zo da 'yar ledarsa. Koci ya aiko da gaisuwa, wai wasanni sun yi yawa.

Da ya fara takawa da sanda, aka kira shi ofishin Ciyaman. Ɗaki mai sanyi, dogon tebur, kofunan da kulob ya ci a jere cikin gilashi, kuma babu guda a cikinsu da Janareto bai yi wa gumi ba. Koci na zaune a gefe guda, Dogo a ɗaya gefen sanye da rigar atisaye, an kira shi a matsayin abokin ɗaki. Ciyaman bai yi kwana-kwana ba. Ya ce likita ya tabbatar ciwon ya daɗe, ba na rana ɗaya ba ne, saboda haka tambaya ɗaya ce: an nemi hutu ko ba a nema ba?

Janareto ya dubi Koci. Ya ba shi dama ne, don a ganinsa ba daidai ba ne ɗa ya riga uba magana. Koci ya gyara zama ya yi murmushi irin na mai alfahari.

"Ranka ya daɗe, yaron nan ni na raine shi. Ƙusar nan ma shi ya riƙe mini na kafa ta. Tun daga ranar har yau takalminsa bai taɓa hawa kanta ba, a tambayi kowa. Jarumi ne, jarumtar ce ta yi masa yawa."

Ka ji fa. Yabo ne, da yabo aka yanka shi. Kuma wa zai musa? Duk guɗar da ya yi wa mutane, duk "mace ko namiji" da ya faɗa, ga su nan sun dawo sun tsaya a bayan Koci suna ba da shaida. Ciyaman ya juya ga Dogo. Dogo ya kafa ido a kan tebur ya ce, "Ni dai ban lura ba, ranka ya daɗe." Rigar tsakiya ta zama tasa tun ranar wasan, kuma in Koci ya tafi, wa ya san wanda sabon zai so?

"Kai fa?" in ji Ciyaman, yana duban Janareto. "Kana da magana?"

Maganar na bakinsa, har ya ji ɗacinta. Kalma biyu ce kawai zai faɗa: "Ƙarya ne." Amma ya dubi furfurar Koci, ya dubi hannun da ya ɗauki 'yan biyunsa a asibiti. Bai taɓa musa wa mutumin nan ko a kan bugun kwana ba, yau ne zai ƙaryata shi a gaban baƙo? Ya jira, ya ƙara jira, ko tsohon zai ɗago ya ce a dakata. Tsohon yana wasa da murfin biro. Janareto ya ce, "Ba ni da magana." Aka gode masa da hidimar da ya yi wa kulob, aka ce doka doka ce.

Ya bi ta ɗakin sauya kaya ya kwashi kayansa. Ya tura ƙofar ya leƙa bayanta. Babu ƙusa. An zare ta, sai ɗan rami a jikin katako, da da'irar da takalma suka goge tsawon shekaru. Ya sa yatsa a ramin. A nan ne kuka ya zo masa, ba a fili ba, ba a asibiti ba, ya jingina da ƙofa ya yi shi kamar yaro. Ba ƙafar yake yi wa kuka ba. An ci amanarsa, kuma wanda ya ci ɗin shi ne mutumin da zai kai wa ƙara da wani ne ya yi masa.

Matarsa ta so ta je gidan Koci ta yi masa wankin babban bargo a gaban iyalinsa, har ta ɗauki mayafi. Ya tare ƙofa da sanda ya ce in ta fita, ta bi ta kansa. Ta jefar da mayafin ta ce, "Har yanzu Baba ne ko? To Allah ya isa tsakanina da Babanka." Ta koma kan keke, ta taka shi ranar kamar da shi take faɗa. Keken nan ne ya riƙe gidan har ƙafar ta warke iya warkewar da za ta yi, kuma daga cikinsa aka sayi talabijin na farko da benci huɗu. Ranar da aka buɗe gidan kallon, kafin ya ɗaura talabijin, ƙusa ya fara kafawa.

Shekaru suka wuce. 'Yan biyu suka girma har suna taya shi jera benci. Dogo ya yi suna na ɗan lokaci, gwiwa ta ci shi, in sun haɗu a hanya shi ke tsallaka titi. Koci kuwa bai wuce kaka biyu ba aka sallame shi, kamar yadda ake sallamar kowane koci.

Wata la'asar, ba wasa a ranar, Janareto na goge benci sai ya ji sallama. Ya gane muryar kafin ya juyo. Tsohon ya rame, rigar ta yi masa yawa, idanun sun yi fari-fari. Janareto ya amsa, ya jawo masa kujerarsa ta bakin ƙofa, ya aika a kawo ruwa mai sanyi. Suka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi 'yan biyu. Koci ya yi ta kewaye-kewaye, ya yi zancen ƙwallon yanzu da yadda ake kashe yara da wasa ba hutu, ya ce a zamaninsu ba haka ake yi ba. Janareto na tsaye da tsumma a hannu yana jira. Kalma ɗaya yake jira, wadda ya jira a asibiti, ya jira a ofis. Da ta zo, wallahi da ya yafe kafin a rufe baki.

Sai idon tsohon ya kai bango. Ya miƙe a hankali ya matsa kusa, ya ɗaga kai.

"Ikon Allah. Har yanzu suna nan? Ai ni na saya maka waɗannan." Ya yi 'yar dariya. "Ka san na fara tara yara a filin makaranta, ina neman mai taya ni. Kai ne ka faɗo mini a rai. Sauko da su mana, a goge, ƙura ta cinye su."

Ya miƙa hannu zai sauke su.

Janareto bai san lokacin da ya tsallaka benci biyu da gurguwar ƙafarsa ba. Ya riƙe wuyan hannun tsohon a sama, bai matse ba, bai kuma saki ba. Ya dube shi ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba tun ranar filin makaranta.

"Bar su a nan, Baba," ya ce. "Na gaji."

Tsohon ya sauke hannunsa, ya nemi hularsa a kan kujera, ya fita bai sha ruwan ba. Janareto ya ɗauki tsummansa ya ci gaba da goge benci, don gobe akwai wasa kuma gidan zai cika.